Hayaƙi a Gida na Goma Sha Biyu

Shekara goma sha tara na yi ina kula da ɗakin karatu na makarantar firamare ta garinmu, Bristow Cove, a kudancin Newfoundland ta ƙasar Kanada. Ɗaki ne guda a ƙarshen baranda, tagoginsa na kallon teku, kujerunsa ƙanana ne har babba in ya zauna sai gwiwarsa ta kusa taɓa haɓarsa. Sunana Verna Rideout. A garin aka haife ni, amma iyayena mutanen tsibirin Little Harrow ne, kamar rabin mutanen garin.

Duk shekara idan sanyi ya fara sassautawa nakan ba 'yan aji biyar aikin bincike. Kowa ya zaɓi wani abu na garinmu, ya bi diddiginsa, ya rubuta. Tambayoyi uku nake koya musu, na manna su da manyan baƙaƙe a bango: Wa ya faɗa? Ta yaya ya sani? Wa kuma ya faɗa bayan shi?

A shekarar 2016 akwai wata yarinya a ajin, Kendra Skinner, 'yar shekara goma. Ba ta ƙaunar littafi ko kaɗan. In na miƙa mata sai ta fara duba shafin ƙarshe ta ga nawa ne, sannan ta ajiye. Ranar zaɓen batu ta tsaya gaban akwatin da nake ajiye takardun tarihin gari, ta ɗaga kowane kundi tana auna nauyinsa a hannu, ta zaɓi mafi sirantaka.

"Wannan nake so, Malama."

"Kin ma san abin da ke ciki?"

"Na san ba shi da yawa."

Kundin ƙaura daga Little Harrow ne. A 1968 gwamnati ta kwashe mutanen tsibirin, aka ɗaure gidajensu na katako a kan gangunan mai, jiragen masunta suka jawo su ta kan ruwa zuwa nan. Abu uku ne a kundin: kwafin takardar gwamnati mai jerin iyalan da suka iso, ɗan littafin da matan coci suka buga don tunawa, da hoto guda baƙi da fari. Hoton ya zo mana ne cikin kwalin kayan wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya bayan rasuwarta. Daga kan tudu aka ɗauke shi, gidaje jere a kan ruwa kamar agwagi suna bin uwarsu.

Ba a yi minti goma ba sai ga Kendra a gaban teburina.

"Malama, takardarki ta yi ƙarya."

"Ba tawa ba ce. Me ta ce?"

"Ta ce gida goma sha ɗaya. Littafin coci ma goma sha ɗaya. A hoton sha biyu ne."

Na ce ta sake ƙirgawa. Ta ɗora yatsa tana bi ɗaya bayan ɗaya, ni ma ina bi da ido. Sha biyu ne. Na ƙarshen yana can gefen dama, ya ɗan yi baya da sauran, gida mai bene da taga guda a sama. Na sha ganin hoton nan ba adadi, ban taɓa ƙirgawa ba, don tun ina yarinya na san goma sha ɗaya ne.

Na ji daɗi ƙwarai. Na ce mata wannan shi ne bincike, idan majiyoyi suka saɓa to an samu bakin zare. Na ɗauko mata gilashin ƙara girma. Ta sunkuya a kan hoton, ta daɗe, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ana hura wuta a gidan da ke kan ruwa?"

"A'a. Ai kwashe komai ake yi, mutane su shiga jirgi."

"To wannan hayaƙi yake yi."

Na karɓi gilashin. Daga bututun hayaƙin gida na sha biyu wani siririn zare fari ya miƙe sama. Sauran gidajen babu. Na ce wataƙila ƙarzuwa ce a jikin hoton. Ta dube ni irin kallon da yaro ke yi wa babba idan ya kama shi yana kauce wa magana, ta nuna bango da baki.

"Ta yaya kika sani, Malama?"

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci na shiga zauren taro, inda babban kwafin hoton nan yake rataye tun kafin a haife ni. Na tsaya na ƙirga. Goma sha ɗaya. An yanke gefen dama daidai bayan gida na sha ɗaya, amma igiyar da ta fito daga jirgin ƙarshe tana nan a miƙe, ta nufi bakin hoton, tana jan abin da ba a gani.

Ranar Litinin Kendra ta zo da labari. Ta tambayi kakarta, Effie Skinner, wadda take da shekara goma sha ɗaya lokacin ƙaurar.

"Me ta ce?"

"Ta ce goma sha ɗaya ne, kuma in ci abincina. Na ce to hayaƙin fa? Sai ta tashi ta shiga wanke kwanon da ta riga ta wanke."

Daga ranar yarinyar ta canza. Ita da ba ta iya zama da littafi, sai ga ta tana shigowa lokacin hutun rana da burodinta a hannu. Na nuna mata yadda ake neman suna a jerin ƙarshen littafi, da yadda ake rubuta inda aka samo kowace magana. Muka rubuta wa ma'ajiyar tarihi ta lardi, suka aiko mana da jerin sunayen masu jefa ƙuri'a na tsibirin na 1966. Limamin coci, baƙo ne daga wani lardi, ya ba mu aron rajistar jana'iza ba tare da tunanin komai ba. Rubutun hannu ne na da, mai lanƙwashe-lanƙwashe, Kendra ta zauna kwana huɗu tana haɗa baƙaƙe har ta iya karanta shi fiye da ni.

Ta ja layi biyu a takarda, sunayen tsibiri a hagu, sunayen waɗanda suka iso a dama, tana haɗa su da fensir. Suna ɗaya ya rage ba abokin haɗi. Selina Cluett, gwauruwa, shekara sittin da uku. Ba ta cikin waɗanda suka iso. Ba ta cikin waɗanda aka binne, a tsibirin ko a nan.

"Kin taɓa jin sunanta, Malama?"

Ban taɓa ji ba. A garin da kowa ya san sunan karen kakan kowa, ban taɓa jin an ambaci wannan mata ba.

Magana ba ta kwana a Bristow Cove. Cikin makon na shiga kanti, tsofaffi biyu da ke hira a bakin ƙofa suka yi shiru har na fita. Shugaban makaranta ya leƙo ya tambaya ko ba za a ba yarinyar wani batu ba, kamar tarihin hasumiyar fitilar da ke haska wa jiragen ruwa hanya. Na ce ita ta zaɓa. Ya ce to, ya tsaya yana shafa ƙeya, ya tafi.

Akwai wani abu kuma da ban taɓa samun bayaninsa ba. Makarantarmu da lantarki ake ɗumama ta, ba murhu ko ɗaya a ginin. Amma ranar Alhamis ta makon nan, da rana tsaka, ƙaurin hayaƙin itace ya cika ɗakin karatu, irin na ɗanyen itacen da bai gama bushewa ba. Mai gyaran makaranta ya zo ya duba wayoyi, ya leƙa silin, bai ga komai ba. A baranda babu ƙaurin. Yara suka yi ta toshe hanci suna dariya. Kendra kaɗai ba ta yi dariya ba, ta ci gaba da rubutunta.

Washegari bayan an tashi, ina jera littattafai, Kendra na jiran motar makaranta ta biyu, sai Goggo Effie ta shigo da rigar sanyinta a zuge har wuya. Ta jawo ƙaramar kujera ta zauna.

"Verna, kin ɗora wa 'yar mutane aiki, ta hana ni barci. Ke kuma, sarkin naci, ɗauko fensirinki. Sau ɗaya zan faɗa."

Ta ce gwamnati ba ta yarda a kwashe gari sai kowane gida ya sa hannu. Kowa ya sa, ban da Selina. Mijinta da ɗanta suna kwance a maƙabartar tsibirin, ta ce ba inda za ta. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, aka daina gaishe ta. Daga baya sai aka ji takarda ta cika, an aika. Wani ya sa mata hannu.

"Ranar tafiya ta kulle kanta a ciki, ta sa sakata. Maza suka ce a ɗaga gidan haka nan, in ta ji ruwa a ƙarƙashinta za ta fito da gudu. Suka ɗaga, suka gangara da shi, suka ɗaura ganguna. Ba ta fito ba. Ina cikin jirgin ƙarshe, na juya baya ina kallon gidan. Sai muka ga hayaƙi. Wani ya ce, ku ji tsohuwa, shayi take dafawa. Muka yi ta dariya. Ni ma na yi."

Ta murza maɓallin rigarta.

"Mun wuce rabin hanya iska ta juya. Ganguna biyu suka zame daga gefe guda, gidan ya karkata, ya fara jan jirginmu baya. Mu goma sha huɗu ne a ciki, har da jarirai. Ruwa ya fara shigowa ta bayan jirgin. Sai aka yanke igiya."

"Ta yi ihu?" in ji Kendra.

"Da ta yi ihu da na manta da ita tuni. Ta hau sama ta tsaya a taga. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga yara a bakin ƙofa. Sannan ta ja labule ta rufe."

Da ɗan sanda ya zo zagaye bayan wata guda, aka ce masa Selina ta tafi wurin ƙanwarta a Halifax. Ba wanda ya tsara maganar, in ji Goggo Effie. Mutum ɗaya ya faɗa, sauran suka gyaɗa kai, shi ke nan.

Kendra ta gama rubutawa, ta duba takardarta, ta ce a hankali, "Kaka, mutum ɗaya bai isa ba. Sai da na biyu."

"Au, ni ce maƙaryaciya yanzu?"

"Ba haka ba ne. Doka ce."

Tsohuwar ta dube ni, ta yi wata gajeriyar dariya marar daɗi. "To ku je wurin Ambrose Foote. In ya kore ku, ba ruwana."

Kawu Ambrose tsohon masunci ne, yana zaune shi kaɗai a ƙarshen gari, bai taɓa aure ba. Muka same shi ranar Asabar yana fentin jirginsa. Kendra ta gaishe shi ta faɗi abin da ya kawo mu. Ya ci gaba da fenti har na zaci bai ji ba. Can ya ce, "Ba na iya labari. Amma in ruwa ya kwanta zan nuna muku."

Ruwa ya kwanta wata ranar Lahadi a watan Mayu. Mahaifiyar Kendra ta yarda, da sharaɗin a sa mata rigar ceto. Muka fita da hantsi, rana tas, teku shimfiɗe kamar faranti. Tun ina yarinya na san jiragen garinmu sukan yi wani lanƙwaso a tsakiyar mashigin ruwan da ke tsakaninmu da tsibirin, ana cewa akwai duwatsu. Kawu Ambrose bai lanƙwasa ba. Ya miƙe sak, ya kashe inji, jirgin ya yi ta sulalewa har ya tsaya. Ko kukan tsuntsu babu.

Ya ɗauko bokiti mai gindin gilashi, irin wanda masunta ke leƙa ƙasan ruwa da shi, ya miƙa wa Kendra. Na riƙe ta ta baya, ta sunkuya. Ta daɗe har na ji bayanta ya sandare a hannuna. Ta ɗago, ta miƙo mini.

Zurfin ruwan wurin bai fi gaba shida ba, garau yake, kore-kore. Gidan yana zaune a ƙasa daram, kamar a nan aka gina shi. Rabin rufin ya rufta, amma bututun hayaƙin yana tsaye. Ciyawar ruwa ta fito ta tagar sama tana kaɗawa a hankali, ciki da waje. Daga inda muke ana hango ƙofar gaba, a buɗe take wangale, baƙi ƙirin a ciki.

"Ƙofar a buɗe take," na ce.

"Na sani," in ji shi. "Shekara arba'in da takwas ina zuwa nan duk bazara in leƙa. A rufe take. Bana na zo na tarar da ita haka." Ya tofar da yawu a ruwa. "Katako ne. Katako yana ruɓewa."

"Yaushe ka zo bana, Kawu?" Kendra ta tambaya.

Ya faɗi ranar. Ta duba littafinta, ta dube ni. Makon da ta fara karanta sunan matar ne a ɗakin karatu.

"Saura tambaya ɗaya. Wa ya yanke igiyar?"

Ya kalli hannayensa. "Shekarata goma sha tara. Ni ne mafi kusa da gatari. Rubuta Ambrose Foote, kada ki manta da harafin ƙarshe, kowa mantawa yake." Ya ja igiyar inji. "Da za a sake yau, zan sake yankewa. Abin da ba zan sake ba shi ne ɗaga gidan."

Ranar gabatar da ayyuka iyaye suka cika ɗakin karatu, har da tsofaffin da ba su da jika a ajin. Yara suka yi bayanin kifi, da hasumiya, da tsohuwar masana'anta, ana tafi. Kendra ta tashi da shafi biyu. Ta karanta ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, bayan kowace magana ta faɗi inda ta samo ta. Da ta gama ba wanda ya tafa. Wata tsohuwa a baya ta rufe fuska da gyale. Wani dattijo ya ce, kamar da kansa yake magana, "Tana da akuya fara." Wani ya ce, "Ita ta karɓi haihuwata." Daga nan suka fara, ɗaya bayan ɗaya, Kendra ta juya bayan takardarta tana rubutawa.

'Yan sanda sun zo a watan Yuli da masu nutso. Sun fito da butar shayi da takalmi ƙafa ɗaya. Ba su sami ƙashi ko guda ba. Babbansu ya ce teku ba ta barin komai bayan irin waɗannan shekaru. Ba a kama kowa ba. Gari ya haɗu aka kafa mata dutse a maƙabarta.

Abu ɗaya ya rage wanda Kendra ta bari da alamar tambaya a aikinta: wa ya sa hannu a madadin Selina. Kafin a rufe makaranta ta sa na rubuta wa ma'ajiyar tarihi neman kwafin takardar. Sai a watan Oktoba ya iso. Na buɗe shi a teburina lokacin hutun rana. Sa hannu goma sha biyu ne, yawancinsu karkatattu, rubutun masu kama igiya. Na ƙarshen kyakkyawa ne, tsaf, Selina Cluett, da wata 'yar ƙugiya a ƙarƙashin harafin farko. Na san ƙugiyar nan. Tana jikin kowace wasiƙar da aka aiko mini daga gida ina kwaleji. Mahaifiyata tana da shekara ashirin a lokacin, ita ce mai rubuta wa cocin tsibirin takardu.

Ranar Asabar na tuƙa mota awa biyu zuwa gidan kula da tsofaffi inda take. Shekara uku ke nan ba ta cika gane ni ba. Na same ta a kujera kusa da taga, an lulluɓe mata ƙafafu da bargo. Na gaishe ta, na ɗora takardar a cinyarta. Ta bi layukan da yatsa har ƙasa, ta tsaya a kan na ƙarshe.

"Mama, wa ya rubuta wannan?"

"Babana ya ce in rubuta da kyau," in ji ta. "Na rubuta da kyau."

Na zauna a bakin gado. Ta ɗago, amma ba ni take kallo ba, ƙofar ɗakin take kallo ta bayan kafaɗata. Fuskarta ta yi taushi irin ta mai karɓar baƙo.

"Ki ce mata ta shigo mana. Tun bazara take tsaye a nan, duk ta jiƙa musu ƙasa."

Ban juya ba. Na riƙe hannunta har ta yi gyangyaɗi, na ninke takardar, na fita ina kallon gabana. Ranar Litinin na aika aji shida a kira mini Kendra, na miƙa mata kwafin, na faɗa mata sunan mahaifiyata na gidansu da yadda ake rubuta shi.